Takardar Magani a Ingila: Wa Ke Rubuta Ta, Kuma Kwana Nawa Take Aiki?

Ranar wata Juma'a da yamma, cikin sanyin Janairu, maman yara ta same ni a falo riƙe da wani kwalin magani da ya yamutse. Na Hajiya ne, mahaifiyarta, wadda ta zo mana jego daga Kano. Maganin hawan jini ne, amlodipine, kuma ƙwaya biyu ce ta rage a ciki. Ashe Hajiya ta kwana biyar tana kallonsa yana ƙarewa, kunyar suruki ta hana ta magana. Da na shiga gaishe ta sai ta zaro katin asibitinta daga jaka, ga rubutun likita, ga hatimi, ta ce, "Ai ba wani abu ba ne, a nuna musu wannan kawai."

Na ɗauki katin na tafi kantin maganin unguwarmu. Famasis ɗin ta karanta, ta gane maganin sarai, yana ma bayanta a kan kanta ina hango shi. Ta dawo mini da katin da hannu biyu ta ce doka ba ta ba ta ikon ba da magani da takardar likitan da ba shi da rajista a ƙasar ba. Na ce zan biya ko nawa ne. Ta ce ba maganar kuɗi ba ce. Sai da muka buga 111, lambar wayar neman taimakon lafiya na gaggawa, wani likita ya kira mu cikin dare ya yi wa Hajiya tambayoyi ina fassara, sannan ya aika sabuwar takarda ta intanet, muka karɓi maganin da safiyar Asabar.

Tun daga ranar nake zaunar da duk wanda ya sauka gidana, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya ko tsohon da ya zo ganin jikoki, in yi masa wannan bayanin kafin ya kwance jaka. A gida mun saba kati ɗaya ya yi wa mutum shekara uku, ko ma ka kai wa mai kemis tsohon kwali ka ce "irin wannan." A nan takardar magani tana da mai ita, tana da ranar haihuwa, tana kuma da ranar mutuwa. Abin da zan faɗa ya fi shafar Ingila. Dokokin wa'adi da na masu rubutawa kusan ɗaya ne a duk Birtaniya, amma maganar kuɗi ta bambanta, zan nuna inda ta bambanta.

Mataki na farko: gane rukunin maganinka

Magunguna kashi uku ne a nan. Akwai wanda za ka ɗauka a babban kanti ko gidan mai, kamar ƙaramin kwalin farasitamol mai ƙwaya 16. Akwai wanda sai a kantin magani, a gaban famasis, ba tare da takarda ba. A jikin kwalinsa za ka ga harafin P cikin ɗan akwati. Sai na uku, wanda aka buga wa POM, shi ne wanda ba ya fita sai da takardar wanda doka ta amince wa. Maganin hawan jini, na sukari, na farfaɗiya, abin shaƙa na asma, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na sha irin su amoxicillin da muke saye kamar gyaɗa a gida, duk suna cikin wannan rukunin.

A cikin rukuni na uku kuma akwai waɗanda aka ƙara wa tsaro saboda suna kama mutum ko ana shan su don maye. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2001 ta kasa su aji biyar. Aji na 1 ba na jinyar yau da kullum ba ne. A aji na 2 ake samun morphine da oxycodone. A aji na 3 akwai tramadol, wanda aka shigar a 2014, da pregabalin da gabapentin, waɗanda aka shigar a watan Afrilun 2019. Aji na 4 shi ne su diazepam da zopiclone na barci. Aji na 5 kuwa masu ɗan sauƙi ne, irin co-codamol. Ka riƙe wannan rabon, don a kansa ne duk lissafin kwanaki ya dogara. In ba ka san ajin maganinka ba, tambayi famasis, kyauta ne, kuma ba sai ka yi alƙawarin ganinsa ba.

Mataki na biyu: san hannun da doka ta yarda da shi

Mutanenmu da yawa suna ɓata rai idan suka kira asibitin unguwa aka ce nas ce za ta gan su, ko famasis. Na sha jin ana cewa, "Ni likita nake so, shi ne zai rubuta mini magani." Wannan tunanin yana sa mutum ya jira mako biyu a banza alhali ga wadda za ta biya masa buƙata yau.

Likita mai rajista da lasisi a GMC, hukumar rajistar likitoci, yana rubuta kusan kowane magani, ko likitan unguwa ne da suke kira GP ko na babban asibiti. Likitan haƙori mai rajista da tasu hukumar, GDC, yana rubutawa, amma a takardar NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, an iyakance masa jerin magungunan da suka shafi baki da haƙori. Kada ka je cire haƙori ka roƙe shi ya haɗa maka da maganin sukari.

Tun watan Mayun 2006 aka ba nas-nas da famasis waɗanda suka yi ƙarin karatu na musamman ikon duba majiyyaci su rubuta magani da kansu, a fannin da suka ƙware. A 2012 aka ƙara musu ikon rubuta magungunan da ake tsaro, ban da wasu ƙalilan da ake ba masu jinyar shaye-shaye. Unguwarzoma ma tana iya samun wannan shaidar. Ba kowace nas ce ke da ita ba, kuma akwai nas-nas masu ziyartar gidaje waɗanda gajeren jeri kawai aka ba su, na abin ɗaure ciwo da man shafawa da makamantansu. Daga 2026 kuma, famasis ɗin da suka yi karatu a sabon tsari suna fitowa ne da ikon rubuta magani tun ranar da suka yi rajista.

Bayan waɗannan akwai wasu da mutum ba zai zata ba. Masu gwajin ido da suka yi ƙarin horo suna rubuta maganin ido, amma ba sa taɓa magungunan da ake tsaro. Masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai da masu kula da lafiyar ƙafa sun samu nasu ikon a 2013, masu gashin cutar daji da na'ura a 2016, ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya masu babban horo a 2018. Kowannensu a cikin gonarsa yake tsayawa. Sai wani kaso da ba sa rubutawa su kaɗai, sai bisa tsarin jinya da likita ya sa wa hannu tare da yardar majiyyaci. Masu ba da shawarar abinci suna cikinsu.

Waɗanda ba su da ikon kuwa, su ma a san su. Mai karɓar baƙi a asibitin unguwa ba ta rubuta magani, don haka faɗa da ita ba ya kawo ƙwaya ko ɗaya. Saƙonka kawai take isarwa. Mataimakan likita da ake kira PA suna duba mutum amma ba sa sa hannu a takardar magani, sai sun kai wa likita. Sannan ɗan'uwanka da ya yi shekara goma sha biyar yana aikin likita a Zariya, in bai samu rajistar GMC ba, a idon dokar nan sa hannunsa ba ya aiki. Ko ya samu, hukumar ta gargaɗi likitoci su guji rubuta wa kansu ko iyalansu da makusantansu magani. Ina roƙon mutanenmu da su daina tare likitocinmu a wajen suna ko bayan sallar Juma'a ana cewa "ɗan rubuta mini." Kunya za ta sa wani ya yi, kuma lasisinsa ne zai shiga haɗari, wanda ya sha wahalar shekaru kafin ya samu.

Takardar da aka rubuta a waje fa? Ana karɓar ta likitocin wasu ƙasashe da aka amince da su, wato ƙasashen Tarayyar Turai da Norway da Iceland da Liechtenstein da Suwizalan, ita ma ba don magunguna na aji 2 da 3 ba. Ta Najeriya, Nijar, Ghana, Saudiyya, Masar ko Indiya ba ta aiki a matsayin takardar karɓar magani. Amma kada ka yar da ita. Hujja ce da za ta nuna wa likitan nan abin da kake sha da adadinsa, kuma ita ce ta sa likitan 111 bai daɗe yana tambayar Hajiya ba.

Duk hukumomin nan suna da rajista a buɗe a intanet. Idan za ka sayi magani daga shafin da ke cewa likitansu zai rubuta maka, ɗauki sunansa da lambarsa ka duba a GMC, ko NMC in nas ce, ko GPhC in famasis ne. Kantin ma kansa ya kamata ya kasance a rajistar GPhC. Shafin da zai aiko maka da maganin POM ba tare da ko tambaya ɗaya ba, guje shi.

Mataki na uku: duba kwanan wata, ka fara ƙirga

Ga ƙashin bayan maganar. Takardar magani ta yau da kullum, ta NHS ce ko ta likitan kuɗi, tana aiki wata 6 daga ranar da aka sa mata hannu. In an rubuta ta 10 ga Janairu, kafin 10 ga Yuli ya kamata ka karɓa. Haka ma magungunan aji na 5.

Takardar da ke ɗauke da maganin aji na 2, 3 ko 4 kuwa kwana 28 kacal take yi. Ba wata ɗaya ba, kwana 28, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wanda aka rubuta wa tramadol ranar 3 ga Maris, ya ce bari albashi ya shigo, ya je ranar 2 ga Afrilu, hannu rabbana zai dawo. Famasis ba shi da ikon ɗaga ƙafa ko da kwana ɗaya ne, sai a koma wurin wanda ya rubuta. Ƙari a kan haka, shawarar hukuma ita ce kada a rubuta wa mutum fiye da na kwana 30 na irin waɗannan magunguna a lokaci guda sai da dalili. Idan likita ya ƙi ba ka na wata uku, ba rashin yarda da kai ba ne.

Wani lokaci mai rubutawa yana sa wata rana ta gaba, ya ce kada a ba da maganin kafin ranar. A takardar NHS, daga wannan ranar ake fara ƙirga. Ana yawan yin haka da maganin kashe ƙwayoyin cuta: likita ya ce ka jira kwana uku, in maƙogwaron bai yi sauƙi ba sai ka karɓa. Sai kuma wasu magunguna da suka fita daban, irin su isotretinoin na ƙurajen fuska masu tsanani. Macen da za ta iya ɗaukar ciki kwana 7 gare ta ta karɓa, na kwana 30 kawai ake ba ta, saboda yana lahanta jariri a ciki ƙwarai, kuma ana so gwajin cikin da aka yi mata ya kasance sabo.

Akwai abin da doka ta halatta amma hankali bai yarda da shi ba. A ce an rubuta wa yaro maganin ciwon kunne a watan Nuwamba, ya warke ba a karɓa ba, takardar tana cikin durowa. A watan Maris ya sake zazzaɓi, uwa ta tuna da ita. Wa'adinta bai ƙare ba, gaskiya ne. Amma ciwon Maris ba lalle ne ya zama na Nuwamba ba, nauyin yaron ma ya canja, kuma da nauyi ake auna maganin yara. Famasis na da ikon ya tsaya ya yi tambaya, har ya ƙi bayarwa in bai gamsu ba, kuma ni ina ganin daidai ya yi. Wata 6 iyakar doka ce. Takardar ciwon yau, yau ake karɓarta.

Yawancin takardu yanzu ba a hannu ake ba ka ba. Kai ne za ka zaɓi kantin maganin da kake so, a aika can kai tsaye ta kwamfuta, kuma kana iya canja kantin duk lokacin da ka ga dama, a manhajar NHS ko ka faɗa wa sabon kantin. Wa'adin bai canja ba don takardar ta zama ta intanet. Wannan ne ma ke cin mutane: tunda ba su riƙe komai a hannu ba, sai su manta ana ƙirga musu kwana. Kanti kuma ba ya ajiye jakar magani har abada. In ta daɗe ba a zo ba, mayar da kayan kan kanta ake yi.

In takarda ce ta hannu, launinta yana gaya maka asalinta a Ingila: koriya ta asibitin unguwa, rawaya ta likitan haƙori, shuɗiya ta masu karɓar magani kaɗan-kaɗan a jinyar shaye-shaye, mai ruwan hoda kuma ta likitan kuɗi ce idan maganin na aji 2 ko 3 ne. Kafin ka bar ofishin ka duba abu biyar: sunanka da adireshinka daidai suke, akwai kwanan wata, akwai sa hannu da tawada, akwai adireshin mai rubutawa, sannan in yaro ne ƙasa da shekara 12 an rubuta shekarunsa. Mu masu suna irin su Muhammad da ake rubutawa kala biyar, wannan dubawar ba ƙaramin abu ba ce. Na aji 2 da 3 dole a rubuta jimillar adadinsa da lamba da kuma kalmomi. Kada ka gyara komai da bironka, ko da kuskuren a fili yake. Haka nan takardar da aka ba ka a babban asibiti, tambayi ko a kantin cikin asibitin kaɗai ake karɓarta, don da yawa haka suke.

Mataki na huɗu: maganin da ba a dainawa

Mai hawan jini ko sukari ba zai riƙa ganin likita duk wata ba. Hanya biyu aka tanada, kuma mutane na rikita su.

Ta farko, likita ya sa maganin a jerin waɗanda kake iya nema ba tare da ganinsa ba. Duk lokacin da ya kusa ƙarewa kai ne za ka nema, ta manhajar NHS ko ta takardar da ke maƙale da tsohuwar jakar maganinka. Kowane nema sabuwar takarda ce ake sa wa hannu. Asibitin unguwa yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku na aiki, kanti ma yana buƙatar nasa lokacin. A gidanmu dokar ita ce: ranar da aka ɓallo layin ƙarshe mai ƙwaya bakwai zuwa goma, ranar ake nema. Lokacin Kirsimeti da Ista a ƙara kwanaki, don asibitocin unguwa a rufe suke.

Ta biyu, likita ya sa hannu sau ɗaya a kan jerin takardu da za su kai ka har wata 12, suna sauka kantinka ɗaya bayan ɗaya. Kai dai ka je ka karɓa. Dole a karɓi ta farko cikin wata 6, ko cikin kwana 28 in maganin na aji 4 ne. Aji 2 da 3 ba sa shiga wannan tsarin sam. In maganinka ya daɗe bai canja ba, nemi a sa ka a ciki. Yana rage wahala sosai, musamman ga masu aikin dare.

Duka biyun suna da ranar bita. Yawanci sau ɗaya a shekara za a kira ka a auna jini, a duba ƙoda, a ga ko adadin yana nan daidai. Saƙon yakan zo ta waya, kuma mutanenmu sun ƙware wajen share shi. In ka yi ta sharewa, wata rana za ka nemi magani ka ga an rage maka zuwa na mako biyu ko an dakatar sai ka zo. Ba mugunta ba ce. Magani irin ramipril ko metformin yana buƙatar a san halin da ƙoda take ciki. Wannan bitar kuma ita ce dama mafi kyau ta yin maganar azumi. Ka nemi a yi ta wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, a tsara maka lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, maimakon ka gyara wa kanka.

A takardar likitan kuɗi, idan ya rubuta a maimaita bai faɗi sau nawa ba, sau ɗaya kawai za a maimaita, wato karɓa biyu ke nan gaba ɗaya. Ƙwayar tazarar haihuwa ce kawai ake iya bayarwa har sau shida cikin wata 6.

Mataki na biyar: a gaban kanta

A Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane magani, ba kowace takarda ba; farashin da aka sa ke nan a watan Mayun 2024. Magani uku, fam 29.70. Kuɗin lafiya da ka biya wajen neman biza bai ɗauke maka wannan ba. A Wels kyauta ne tun 2007, Arewacin Ayaland tun 2010, Sikotland tun 2011.

Ba kowa ke biya ba. Yaro ƙasa da shekara 16, ɗan 16 zuwa 18 da ke cikakken karatu, wanda ya kai 60, mai ciki da wadda ta haihu cikin wata 12 in tana da shaidar da unguwarzoma ke cike mata, duk an ɗauke musu. Masu ciwon sukari da ke shan magani, masu farfaɗiya, masu cutar daji da wasu kaɗan suna samun shaidar yafewa ta shekara biyar. Maganin tazarar haihuwa kyauta ne ga kowa. Mai ƙaramin ƙarfi, har da ɗalibi, yana iya cike fom ɗin HC1 na neman taimako da kuɗin magani. Abin da ke ci mini rai shi ne sikila ba ta cikin jerin, haka asma da hawan jini, alhali mai sikila kullum cikin shan magani yake. Ga irin waɗannan, mafita ita ce shaidar biya tun gaba, PPC: fam 32.05 na wata uku, ko fam 114.50 na shekara, wanda ake iya biya kashi goma. Mai shan magani uku duk wata zai kashe fam 356.40 a shekara in ba shi da ita. Na ga mutumin da ya yi shekara biyu yana wannan asarar don ba wanda ya gaya masa.

Kada ka ce an yafe maka alhali shaidarka ta ƙare ko ba ka da ita. Ana bincikawa, kuma tarar tana kaiwa fam 100 bayan kuɗin maganin. In kana shakka, biya ka nemi rasit ɗin FP57 a nan take, ka karɓi kuɗinka daga baya cikin wata uku. Ba a ba da shi bayan ka bar kantin.

Idan kayan ba su cika ba, za a ba ka abin da ke akwai da 'yar takardar bashi. Ragowar ma tana ƙarƙashin wa'adin asali: maganin aji 2, 3 ko 4 dole a karɓe shi cikin kwana 28 ɗin nan, ba sabon ƙirga ake farawa ba. Wani na iya karɓo maka magani, amma in na aji 2 ne za a iya neman katin shaida, a kuma sa ya sa hannu.

Mataki na shida: idan ya ƙare maka ba shiri

A ranar aiki, kira asibitin unguwa da sassafe ka ce maganin ya ƙare yau. Da dare ko ƙarshen mako, buga 111 ko ka shiga shafinsu. Suna iya tura ka kantin da zai ba ka na gaggawa, kuma kana da ikon neman tafinta. Famasis ma da kansa yana iya ba ka na wucin gadi, har na kwana 30, in ya yi magana da kai, ya gamsu buƙatar ta gaggawa ce, kuma wani mai rajista a nan ko a ƙasashen nan da aka amince da su ya taɓa rubuta maka maganin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya hana Hajiya. Na aji 4 da 5 kwana biyar ne iyaka, aji 2 da 3 kuwa babu, sai phenobarbital na mai farfaɗiya. Insulin, maganin farfaɗiya da na hana daskarewar jini ba a cewa "bari Litinin ta yi."

Tun 31 ga Janairun 2024 kuma, kantunan magani a Ingila suna duba ciwo bakwai su ba da magani ba tare da an je wurin likita ba: ciwon kunne na yara 'yan shekara 1 zuwa 17, ciwon maƙogwaro daga shekara 5, toshewar kogon hanci daga shekara 12, ƙurajen fata masu ɓawo da ke yaɗuwa tsakanin yara, cizon ƙwaro da ya ruruce, ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jikin manya, da ciwon mafitsara mara tsanani ga mata 'yan 16 zuwa 64.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne aron magani. "Ai nawa ma na hawan jini ne, sha ɗaya" ya kwantar da mutane a asibiti. Ba wa wani maganinka na aji 2 ko 3 kuwa laifi ne a doka, ko kyauta ka ba shi.

Mataki na bakwai: mai zuwa da mai tafiya

Idan Baba ko Hajiya za su zo, tun suna gida a karɓo wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da sunansu kamar yadda yake a fasfo, da sunan kowane magani na asali ba na kamfani kawai ba, da ƙarfinsa da yadda ake sha. A zo da magungunan cikin kwalayensu, a jakar hannu, ba a juye su cikin leda ɗaya ba. In akwai maganin da ake tsaro, wasiƙar ta zama dole, ta nuna ranakun tafiya da adadin da aka ɗauko, kuma kada ya wuce na wata uku. A makon farko a kai su asibitin unguwa. Rajista da GP kyauta ce ga kowa a Ingila, ba a sharɗanta shaidar adireshi ko takardar zama ba, kuma wanda zai zauna fiye da awa 24 amma ƙasa da wata uku yana iya shiga a matsayin baƙo na wucin gadi. Kada ka yi mamaki in likitan nan ya ce sai ya auna kafin ya ci gaba da maganin, ko ya canja shi da wani. Nauyin abin da ya sa wa hannu a wuyansa yake.

Mai tafiya gida hutu kuma ya nemi maganinsa mako biyu zuwa uku kafin tashi, ya faɗi ranar tafiya da ta dawowa. Yawanci ba a ba da fiye da na wata uku, kuma wanda zai wuce haka ana sa ran ya nemi likita a can. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro galibi ba a bayar da shi a kuɗin NHS. Da kuɗinka za ka saya, ta takardar likitan kuɗi, ko babba ya sayi atovaquone da proguanil a kanti bayan famasis ya yi masa tambayoyi. A nema wa yaran da aka haifa a nan tun da wuri, don jikinsu bai san sauron gida ba, na iyayen ma da suka daɗe a waje kariyar ta ragu. In jirginka zai yada zango a Dubai ko Alƙahira, ko Umara za ka wuce, kuma akwai tramadol ko kodin ko pregabalin a jakarka, duba dokar ƙasar a ofishin jakadancinta kafin ka sayi tikiti, ka riƙe wasiƙar likita tare da fasfo ɗinka.